Kunyar Ɗan Fari a Bakin Iyaka

A gidanmu na Gummi mace ba ta cewa ɗanta na fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma ba ita za ta fara rugawa ta ɗauke shi ba. In baƙo ya tambaya ɗan wane ne wannan, sai ta dubi ƙasa ta ce na Inna ne, wato na kakarsa, ko ta yi kamar ba da ita ake ba. Kakarmu ta wajen uba Bafulatana ce, ita ta zo mana da wannan kunya mai kauri, da ta rasu kuma ta bar wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, gadinta. Gwaggo kuwa ta riƙe aikin da hannu biyu. Ni na yi boko, har na koyar a firamare shekara biyu kafin aure, ina ganin na fi ƙarfin irin waɗannan abubuwa. Da na haihu sai na tarar harshena ya riga ya koya ban sani ba.

Mijina mutumin Nijar ne, daga can gefen Ƙonni. Fataucin albasa ya kawo shi kasuwar Gummi har ya gan ni. Na yi shekara guda a garinsu, da cikina ya shiga wata bakwai aka dawo da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. A asibitin Gummi na haihu, namiji. Ranar suna aka raɗa masa sunan mahaifina, wanda ya rasu ina 'yar sakandare. Kunya ta zama biyu ke nan: sunan ɗan fari ne, kuma sunan uba ne, wanda tun da na fara magana bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a makaranta in akwai ɗalibi mai sunan, da sunan garinsu nake kiransa. Duk gidan sai muka koma ce wa jinjirin mai sunan Baba.

Takardun haihuwarsa biyu ne. Ɗaya an yanka masa a Gummi da Turanci, ɗaya uban ya yi masa a can garinsu da Faransanci ya aiko da ita ta hannun direba, don dokar ƙasarsu ta ba shi ɗan ta wajen uba, tamu ta ba ni shi ta wajen uwa. Inna ta juya su sama da ƙasa, ta ce yaro ko wuya bai tsayar ba yana da ƙasa biyu, ita ta tsufa sau biyu ta taɓa zuwa Gusau. Gwaggo ta naɗe takardun cikin leda ta cusa a 'yar jakar da ake sa masa tsummokinsa, ta ce inda yaro yake nan takardarsa za ta kasance. A lokacin na ga dabara ce.

Bayan na gama wankan jego da 'yan kwanaki aka sa ranar mayar da ni. Gwaggo ce 'yar rakiya. Tsakiyar damina ce, ana marka, kwana uku ba mu ga rana ba. Aka ɗaure mana kayan gara a saman mota, shinkafa da daddawa da man shanu da akwatina, aka lulluɓe da tamfol. Mijina zai jira mu a tashar da ke ƙetaren iyaka.

A tashar Gummi muka tarar da matar. Tana zaune ita kaɗai a kan benci, ƙafafunta duk jan laka har ƙauri. Ɗan kamasho ya ce daga wani ƙauye gefen 'Yargalma mai babur ya kawo ta, Nijar za ta koma wurin iyayenta. Ba za ta girme ni da shekara biyu ba. Tana da goyo a baya, ana hango 'yar hular ulu shuɗiya ta leƙo daga zanen, tana jijjiga shi a hankali yadda iyaye mata ke yi ba tare da sun san suna yi ba. Ni sabuwar uwa, na tsaya ina kallon yadda ta ɗaura majanyi don in koya.

Duk macen da za ta shiga mota da goyo takan juyo da shi gaba ta ɗora a cinya. Ita ba ta juyo ba. Ta shiga ta zauna kusa da Gwaggo, ta jingina da kujera da dukkan nauyinta. Saura kaɗan in yi ihu. Hular ta lanƙwashe gefe, ba abin da ya yi kuka, ba abin da ya motsa. Gwaggo ta mintsine ni a cinya, ta raɗa mini a kunne:

"Ƙunshin kaya na. Kau da idonki."

Na kau da ido, amma tsikar jikina ba ta kwanta ba har muka fita gari.

Ɗana mai kuka ne. Kwana arba'in ɗin nan bai bar kowa ya runtsa ba a gidanmu, kuma mota na tashi ya buɗe baki. Gwaggo ta miƙo mini shi, na juya wajen taga na sa shi cikin hijabi na ba shi nono ina jin kamar sata nake yi, yana saki ta karɓe abinta. Bai yi shiru ba. Fasinjan gaba ya fara tsaki. Gwaggo ta girgiza, ta yi tawai, ta hura masa kunne, duk a banza. Sai matar ta miƙo hannu biyu. Hannun Gwaggo ya gaji, ta ba ta.

Shiru ya yi nan take, kamar an kashe rediyo. Ya buɗe ido yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Can ta ɗago ta dube ni ta saman kan Gwaggo.

"Wa ad da shi?"

"Na Inna na," na ce.

Ta yi ɗan murmushi, ta mayar da idonta kansa.

Hanyar ranar ban taɓa ganinta haka ba. Gero ya fi motar tsawo dama da hagu, yayyafi na sauka ba ƙara, gilashi ya yi gumi, sai mu yi tafiya mai nisa ba mu ga ko akuya ba. Rediyon motar ya lalace. Ba abin da ake ji sai injin da wani ɗan gunaguni da matar ke yi a maƙogwaro, waƙar reno ce amma ba kalmomi. Gwaggo ba ta iya zama kusa da mutum ba ta san asalinsa ba, ta fara bugun cikinta. Matar ta ce mijinta yana ramin zinare, shekara uku ke nan da suka zo, shi yana haƙo dutse ita tana dakawa a gida, a turmin da take dakan gero. Gwaggo ta ce, "Ɗiya hwa?" Matar ta kau da kai ta ci gaba da gunaguninta. Gwaggo ta yi salati a hankali ta ja bakinta. Duk mutumin yankinmu ya san abin da ya faru da ƙananan yara a ƙauyukan nan a shekarun. Ƙurar dutsen akwai gubar dalma a ciki, yaro yana rarrafe a tsakar gida yana sa hannu a baki, wata rana sai ya kama jijjiga. Waɗanda aka kai asibitin Anka ko Bukkuyum da wuri wasu sun tashi. Na gane abin da ke cikin ƙunshin da ta goya, na ji tausayinta, kuma na ji ina so a ba ni ɗana.

A Sakkwato muka sauka don canza mota. Gwaggo ta tafi ta tsaya a kan masu sauke kaya tana yi musu faɗa kada man shanu ya zube. Matar ta kwance ƙunshin bayanta ta miƙo mini, kafin in ankara ta sunkuya ta goya ɗana da zanen, ta ɗaura majanyi, ta rataya 'yar jakarsa a kafaɗa. Ƙunshin ba nauyi, amma da ɗumi, ɗumin bayanta. Na riƙe shi nesa da ƙirjina. Na je kusa da Gwaggo na ce a hankali ko za ta karɓo yaron. Ta harare ni.

"Ke ba ki da kunya? Cinye shi za ta yi? Bar baiwar Allah ta samu lada."

Muna tafiya zuwa motar iyaka matar ta rage sauri har na iso ta. Ba ta dube ni ba ta sake tambaya wa ad da shi. Na sake ce mata na Inna ne. Ta gyaɗa kai kamar mai ƙidaya wani abu.

A mota ta biyu ba mu samu wuri ɗaya ba. Ni da Gwaggo a tsakiya, ita a can baya. Ƙunshin yana kan cinyata. Lokacin shan nonon yaron ya yi ya wuce, ƙirjina ya cika ya yi tauri har ya fara jiƙa mini riga, shi kuwa ko tari bai yi ba. Sau ɗaya na waiwaya. Ba ya bayanta, yana cikin mayafinta ta gaba, ƙafarsa ɗaya kawai na gani, yatsun suna buɗewa suna rufewa yadda yake yi in yana sha. Idonta yana kaina, ba ta ko ƙifta ba. Na san abin da ke faruwa sarai, kuma na juya na fuskanci gaba. Har yau in na tuna wannan juyawar ina jin haushin kaina, haushi na gaske.

Bayan azahar muka isa iyaka. Wani dogon ƙarfe ne aka gitta a hanya, da 'yan ɗakuna a gefe da rumfunan masu canji. Ruwan ya ɗauke, amma gari ya yi duhu-duhu ya yi tsit, ko iska babu, tutocin biyu sun jiƙe sun manne da sandunansu. Direba ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Muka jera, matar tana gabana da ɗana a baya, ni da ƙunshi, Gwaggo a bayana.

Ma'aikaciyar da ke duba mata doguwa ce, da ɗan gicciye a wuya, Hausarta irin ta waɗanda suka koya a bariki. A shekarun rediyo na ta maganar masu safarar jarirai tsakanin ƙasashen nan, an ce wa ma'aikatan iyaka duk jinjirin da zai ƙetare a tsaya a kansa. Aikinta take yi, ban taɓa ganin laifinta ba. Ta ɗaga zanen ta leƙa fuskarsa, ta tambaya ɗan waye.

"Nau na," in ji matar. Wato nawa ne. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Na ji maganar kamar a mafarki. Gwaggo ba ta ji ba, hankalinta na kan kayan da ake kwancewa a saman mota, ta dai ji an yi tambaya, sai ta leƙo ta yi irin wasan kaka da jika tana dariya:

"Mijina na, ɗiyata, angon tsohuwa."

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta dubi Gwaggo, ta dubi matar, ta ga yadda na matso har ina taka dugadugin matar, ta juyo kaina.

"Madam, ke fa? Yaronki ne?"

Akwai maza ma'aikata biyu zaune a kan benci suna kallo, akwai fasinjoji, ga Gwaggo a kafaɗata. Ban yi shawara da kaina ba. Bakina ne ya buɗe ya ce, "A'a, na Inna ne."

"Wace ce Inna?"

"Tana Gummi."

Ta ce mu uku mu biyo ta. A hanyar ɗakin ne Gwaggo ta gane an shiga uku, ta fara rantsuwa tana nuna ni tana cewa ga uwa tai nan, ga uwa tai nan, kunya ta ta ɗan hwari. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, yanzu kin ce mijinki ne. Ki jira a waje." Ta rufe ƙofa. Na tuna wayata, na latsa lambar mijina, layin Najeriya ya riga ya ɗauke.

Ɗakin ba komai sai tebur da benci da fanka wadda ba ta juyawa. Taga ɗaya ce mai waya, ta nan nake hango kan Gwaggo. Ma'aikaciyar ta karɓi 'yar jakar daga kafaɗar matar, ta zaro takardun biyu ta shimfiɗa a kan tebur. Ba hoto a kansu, jinjiri ba a sa masa hoto. Ta tambaye mu katin shaida. Matar ba ta da shi. Nawa yana cikin akwati a saman mota tare da katin awo, na faɗa mata, ta ce kowa haka yake cewa. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙunshin da nake rungume da shi, ta kwance. Rigunan yaro ne wanda ya fara tafiya, guda uku, da ɗan wando, da takalmin roba ƙafa biyu da laka ta bushe a ƙasansu, da hular. Ta daɗe tana kallonsu. Da ta ɗago ta dube ni, ta dubi rigata da nono ya jiƙa, sai fuskarta ta yi laushi.

"Sannu, madam," ta ce. "Yaushe ya rasu?"

Wannan tausayin shi ya fi komai tsorata ni. Na gane abin da take gani: ga uwa da ɗanta a baya da takardunsa a jaka, ga wata mai nono ba ɗa, rungume da kayan mamaci, tana bin su a baya.

Na ce mata ni ce uwarsa, amma a hankali na faɗa, ina kallon ƙasa, ko ni ban yarda da muryar ba. Ta ce ɗazu na ce a'a. Na ce al'ada ce. Ta ce ta yi shekara tana aiki a nan, ba ta ga al'adar da uwa za ta musa ɗanta a gaban hukuma ba. Duk da haka ta ce matar ta kwance shi ta ba ni. Matar ta kwance ba musu. Na karɓe shi, na zauna, na buɗe ƙirji a gaban baƙuwa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ƙoshi. Ya kau da kai, ya banƙare, ya tsala irin kukan nan nasa. Na tura masa, ya ƙi. Ma'aikaciyar ta ɗauke shi daga hannuna ta mayar wa matar, ya yi ajiyar zuciya ya yi luf.

Ta zauna a bayan tebur ta ce ga yadda za a yi. Tunda magana ta rabu, akwai mota da za ta koma Sakkwato kafin la'asar, za a tafi da yaron ofishin masu kula da yara ya zauna a hannunsu, mu kuma a miƙa mu ga 'yan sanda har a gano gaskiya. Yana iya ɗaukar kwanaki. Ɗan kwana arba'in da biyar, a hannun waɗanda ba su san ko yadda yake son a kwantar da shi ba. Amma kafin nan, ta ce, tambaya ɗaya. Ta kife takardun da tafin hannunta.

"Ke da kika ce ke ce uwa. Mene ne sunansa?"

"Mai sunan Baba," na ce.

"Ba shi aka rubuta a nan ba. Sunan nake so."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan cikin kaina da manyan haruffa, na sha rubuta shi a rajistar aji, amma harshena ya kwanta kamar an ɗora masa dutse. Na dubi taga, idon Gwaggo na nan a jikin waya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, wataƙila bai fi numfashi biyar ba. Ma'aikaciyar ta juya wajen matar.

"Ke fa?"

Matar ta dubi bangon da ke gabanta, ta faɗi sunan. A hankali ta faɗe shi, tana rarrabe gaɓoɓinsa kamar mai taka ƙasa mai santsi. Ma'aikaciyar ta ɗaga hannu ta duba takarda ta farko, ta duba ta biyu, ta gyaɗa kai.

Gashin jikina duk ya miƙe. Tun daga Gummi ba wanda ya ambaci sunan nan, ni ban faɗa ba, Gwaggo ba ta kiran sunan yayanta. Takardun a ƙulle suke cikin leda, kuma matar ba ta iya karatu ba, don da aka ba ta biro ɗazu ta sa hannu a littafi, juye ta riƙe shi. Na dube ta, na dubi ƙafafunta don in ga ko irin na mutane ne.

Ma'aikaciyar ta fara naɗe takardun za ta miƙa mata. A nan ne abin ya ɓalle. Ban san na miƙe ba, na dai ji wata murya ta cika ɗakin, ashe tawa ce. Na kira sunan. Na sake kira. Na ce nau na, ni na haife shi, ranar Talata da hantsi a asibitin Gummi, kwana biyu ina naƙuda, an yi mini ɗinki, in tana so ta rufe taga in nuna mata. Na ce sunan ubana ne, na faɗi sunan uban nawa da na kakana, na faɗi na mijina wanda shi ma ban taɓa kira ba. Na ce a sauke akwatina yanzu ko in hau motar da kaina in yaga tamfol ɗin. Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, maza sun taru a taga, ban damu ba. Na matsa gaban matar na ce ta ba ni ɗana, na sake kiran sunansa a kan fuskarta.

Ta dube ni ba tsoro, ba fushi. Ta miƙo mini shi da hannu biyu, yadda ta karɓe shi da safe.

"To, yanzu kin hwaɗa," ta ce. "Sau biyu nit tambaye ki."

Ma'aikaciyar ta miƙe tsaye. Ta tambaye ta da tsawa, in ba ɗanta ba ne, a ina ta san sunansa?

"Ban san suna nai ba," in ji matar. "Na ɗana nih hwaɗa."

Ta ci gaba da magana tana kallon kayan da ke baje a kan tebur.

"Ɗan hwari na. Shekara tai guda da wata bakwai, ban taɓa kiran shi ba. Ran da yak kama jijjiga shina hannuna, idonai sun juye, anka ce in kira shi ko shi jiya shi dawo. Uwar mijina na zaune. Bakina yaƙ ƙiya. Kwana goma sha ɗaya yau. Ba wanda yat taɓa tambaya ta suna nai sai ke, shi na nih hwaɗa."

Ma'aikaciyar ta koma ta zauna. Ta ɗan daɗe tana murza goshinta, sannan ta buɗe ƙofa ta ce a sauko da akwatin. Katin awo ya fito, da katina, sunan uwa ya yi daidai da na takardun biyu. Ta ara mini wayarta mai layin Nijar na kira mijina, ya tabbatar mata. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce saura ƙiris kunyata ta kwana da ɗana a Sakkwato, na ce na gode. Da ta juya kan matar ta fara maganar 'yan sanda, Gwaggo ce ta durƙusa, Gwaggon da ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai a salla. Ta ce, "Ɗiyata, ki yi ma Allah ki ƙyale ta. Mu munka ba ta shi da hannunmu."

Aka ƙyale ta. Ta tattara rigunan ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle, ta goya, ta sunkuya ta ƙarƙashin ƙarfen ta wuce ba ta yi wa kowa sallama ba. Ba a fi minti goma ba muka bi bayanta a mota. Hanyar miƙaƙƙiya ce, na duba dama na duba hagu har muka shiga tasha, ban gan ta ba. Wataƙila ta ratse ta cikin gero, akwai 'yan hanyoyin ƙafa da yawa a wurin.

Ni na riƙe ɗana a cikin motar, Gwaggo ba ta miƙo hannu ba. Na zaci za ta yi mini maganar abin da ta ji ta taga, na shirya mata amsa mai zafi. Ba ta yi ba, ranar ko bayanta. Abin da ta ce kawai, tana kallon hanya, shi ne:

"Ya sha nononta. Shina da ɗan'uwa ke nan, can ƙarƙashin ƙasa."

Tun daga ranar da sunansa nake kiransa, a gaban surukai, a gaban Inna, a kasuwa. An yi ta zunɗe na, 'yar boko marar ta-ido, na ce na ji na ɗauka. Ya girma lafiya, yana makaranta yanzu, yana jin Faransanci yana yi wa Turancina dariya. Amma na san sunan ba nasa ne shi kaɗai ba. In la'asar ta yi na tsaya a ƙofar gida na ƙwala masa kira, yakan amsa daga bayan gidan maƙwabta ya rugo ya wuce ni ya shiga ciki. Ni kuwa nakan ɗan ƙara tsayawa, ban cika saurin rufe ƙofar ba.